Yadda Ake Ɗinka wa Magani Rigar Ruwa

Da zarar ma'aikaciyar jinya ta soka robar ƙarin ruwa a jijiyar majiyyaci, kafin ta gama manna filasta jini ya riga ya shafe bakin robar da furotin. Ido ba ya gani, amma cikin 'yan daƙiƙu an gama. Haka jini yake yi wa duk baƙon abin da ya taɓa shi, ko bututun injin wankin ƙoda ne, ko bawul ɗin da ake dasa wa mai ciwon zuciya, ko siririn bakin na'urar auna sukari da ake liƙawa a damtse. Ruwan jini, wato abin da ke saura idan an tsame ƙwayoyin, yana ɗauke da furotin giram 60 zuwa 80 a kowace lita, iri daban-daban har dubbai, kuma duk wanda ya ga fili a cikinsu sai ya nemi wurin zama.

Leo Vroman, masanin jini ɗan ƙasar Holan da ya yi aikinsa a Amurka, wanda mutanen ƙasarsu suka fi sani da rubuta waƙa, shi ya nuna a shekarun 1960 cewa ba a hargitse furotin ɗin suke zuwa ba, bi da bi suke yi. Albumin ne kan fara sauka saboda ya fi yawa. Sai fibirinojin, furotin ɗin da ke daskarar da jini, ya zo ya ture shi, daga baya shi ma wasu su ture shi. To wannan fibirinojin shi ne masifar. Idan ya sauka a kan roba yakan baje, ya buɗe sassan jikinsa da suke a naɗe, sai ƙwayoyin falatilet masu toshe rauni su ɗauka an ji ciwo ne, su yi caa a kansa. Thomas Horbett da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke birnin Siyatil sun auna abin: fibirinojin da bai kai nanogiram 10 ba, a kan filin da faɗinsa da tsawonsa santimita ɗai-ɗai ne, ya isa ya tara falatilet. Nanogiram kuwa shi ne a raba giram guda gida biliyan ɗaya a ɗauki kashi ɗaya. Daga nan sai gudan jini, sai kumburi, sai jiki ya naɗe baƙon da tauraren tabo ya ware shi gefe. Ƙwayoyin cuta ma a kan wannan shimfiɗa suke samun wurin kamawa. Shi ya sa yawanci ake sa wa mai wankin ƙoda maganin hefarin, don kada jininsa ya daskare a bututu.

Mitsi-mitsin ƙwayoyin da ake ɗura wa magani a aika ta jijiya su ma ba su tsira ba. Furotin kan lulluɓe su tun kafin su yi nisa, lulluɓin da Kenneth Dawson na birnin Dublin da abokan aikinsa suka raɗa wa suna kambin furotin a 2007. Da wannan kambi ƙwayoyin share-share na hanta da saifa suke gane baƙo, su haɗiye shi, maganin ya ƙare a inda ba a aike shi ba.

An daɗe ana rufe wannan ɓaraka da wani sinadari mai suna PEG, doguwar sarƙa mai son ruwa. Frank Davis da Abraham Abuchowski ne suka fito da dabarar ɗaura shi a jikin magani a Jami'ar Rutgers a shekarun 1970. Maganin farko da aka amince da shi a wannan tsari, Adagen, ya fito a 1990, sai Doxil na ciwon daji a 1995, kuma akwai PEG a alluran rigakafin korona na Pfizer da Moderna. Ya yi aiki, ba a raina masa. Sai dai iskar oksijin tana lalata shi a hankali, sannan an gano jiki yana iya koyon gane shi. A shekarar 2000 masu bincike a Holan suka lura cewa idan aka yi wa dabba allurar ƙwayoyi masu PEG, aka sake yi mata bayan 'yan kwanaki, ta biyun takan ɓace daga jini da wuri, don garkuwar jiki ta riga ta shirya mata.

Wannan ya sa wasu suka koma suka tambayi jikin da kansa. Furotin da yawa haka a cunkushe cikin jini, me ya hana su manne wa juna su dunƙule? A Japan, Nobuo Nakabayashi da Kazuhiko Ishihara sun kwaikwayi fatar jajayen ƙwayoyin jini suka ƙera sinadarin MPC. A Siyatil kuma, Shaoyi Jiang da ɗalibansa suka bi bayan furotin fiye da dubu da kwamfuta, suna ƙirga abin da ke fuskantar waje a jikin kowanne. Amino asid biyu ne suka fi yawa a wajen: gulutamik asid da laisin.

Amino asid su ne tubalan da jiki ke jerawa ya gina furotin, guda 20 ne na yau da kullum, kuma waɗannan biyun ba baƙi ba ne a kasuwanninmu. Gulutamik asid shi ne tushen farin magi. Laisin kuwa masu kiwon kaji suna sayensa su gauraya a abincin kajin, saboda masara ba ta da shi da yawa. Kowane amino asid yana da hannaye biyu da wutsiya. Hannu ɗaya ana ce masa amin, ɗayan kabokzil. A ma'aunin tsami na jini, wanda yake 7.4 a sikelin pH, hannun amin yana ɗauke da cajin lantarki fozitif, na kabokzil kuma negetif. Su biyun suna kashe juna, jimilla babu caji, amma kowannensu yana jan ruwa da ƙarfi, fiye da yadda PEG ke ja. Idan aka jera irin waɗannan hannaye miliyoyi a kan fili, ruwa yakan taru ya manne musu gam, ya zama riga. Kafin furotin ya taɓa filin dole ya kori ruwan nan, kuma ba shi da ƙarfin korarsa. Sai ya wuce.

Bayanin ke nan a baki. Ƙera abin kuwa sai gwani.

Matsalar farko ita ce yadda za a ɗaura amino asid a sarƙa ba tare da an taɓa hannayensa biyu ba, tunda su ne dukiyar. Dole ta wutsiya za a kama shi. Mu ɗauki laisin. Wutsiyarsa ita ma amin ce a ƙarshenta, kuma sinadarin da za a ɗaura mata, metakiriloyil kuloraid, bai san bambanci tsakanin amin ɗin hannu da na wutsiya ba, duk wanda ya samu cafkewa yake yi. Dabarar da ake bi tsohuwa ce, tun shekarun 1930 masana haɗa sinadarai suke amfani da ita, kuma a ganina tana cikin mafiya kyau a wannan fanni. Mai aikin zai narkar da farin garin laisin a ruwan da ya kusa tafasa, ya riƙa barbaɗa koren garin gishirin jan ƙarfe kaɗan-kaɗan, ɗan maganaɗisu yana juya ruwan a gindin kwalba. Ruwan zai yi kumfa, sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu. Wannan shuɗin shi ne shaidar cewa kowane ƙwayar jan ƙarfe ya riƙe laisin biyu, kowanne ta hannayensa biyu. Hannaye sun samu abin riƙo, wutsiya ce kaɗai ta rage a sake.

Sai ya tace abin da bai narke ba, ya dasa kwalbar cikin kwanon ƙanƙara. Metakiriloyil kuloraid mugun abu ne, yana sa hawaye, yana ƙona fata, don haka duk aikin a cikin kabad mai zuƙe hayaƙi ake yinsa, da safar hannu da tabarau. Ɗigo-ɗigo ake sakinsa daga mazurari mai famfo. Kowane ɗigo da ya kama wutsiya yakan saki asid, asid ɗin kuma idan ya taru yana hana sauran wutsiyoyin kamuwa, har ya kwance riƙon jan ƙarfen. Saboda haka hannu ɗaya yana kan famfon, ɗayan yana ɗiga sinadarin da ke kashe tsami, ido kuma yana kan takardar gwajin pH. Wanda ya gaji da tsayuwa ya buɗe famfo gaba ɗaya, kwalba za ta ɗumama, ruwa ya cinye sinadarin kafin ya isa wutsiya, washegari ya tarar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya yi haƙuri kuwa zai tarar da shuɗin gari kwance a gindin kwalba.

Saura a sallami jan ƙarfen, don guba ne ga ƙwayoyin halitta. Ana zuba shuɗin garin a kwalba mai ruwa iri biyu da ba sa gauraya, ruwa a sama, kulorofom a ƙasa, an narkar da wani sinadari mai suna haidurokzikwinolin a cikin na ƙasan, wanda ya fi laisin son jan ƙarfe. A yi ta girgizawa har kwana. Jan ƙarfen zai saki laisin ya bi sabon abokin, ya koma kore ya sauka ƙasa, ruwan sama ya washe. A wanke ruwan da sabon kulorofom, a sake, a kuma sakewa, sannan a ƙafe shi a samu farin gari. Ko alamar shuɗi-shuɗi aka gani a garin, aiki bai ƙare ba. Daga nan sai a ɗebi ɗan kaɗan a siririn bututun gilashi a kai wa na'urar NMR, babban maganaɗisu mai nuna inda kowane haidurojin yake zaune a jikin sinadari. Tsini biyu ake nema a zanen da take fitarwa, tsakanin lamba 5 da 6. Su ne alamar cewa maɗaurin ya hau wutsiya.

Ba kowane amino asid ne ke bin wannan hanya ba. Serin, wanda aka fara samu daga siliki a 1865, sai an sanya wa hannayensa murfi na sinadari, a ɗaura wutsiya, sannan a cire murfin da asid mai ƙarfi. Rukunin Lingyun Liu a Jami'ar Akron, a garin kamfanonin taya na jihar Ohayo, sun wallafa aikinsu a kan serin a 2013, suka bi da laisin da onitin. A Jami'ar Sheffield ta Ingila kuma, Steven Armes da Graham Leggett da ɗalibansu sun nuna a 2014 cewa sistayin, mai farar wuta a wutsiya, ana iya ɗaura shi a cikin ruwa zalla, a zafin ɗaki, ba murfi ba jan ƙarfe.

An samu tubali, saura gini. Don a gwada ko rigar za ta yi aiki, a kan zinariya ake fara shuka ta. Ana ɗaukar ɗan falan gilashi da aka shafa wa zinariya mai kaurin kusan nanomita 50. Silin gashi guda yana da kaurin nanomita 50,000 zuwa 100,000, ka ga ke nan shafen har haske yana ratsa shi. A wanke shi tas, a tsoma shi ya kwana a cikin ruwan wani sinadari mai farar wuta a gindi. Farar wuta tana son zinariya, don haka ƙwayoyin sinadarin sukan kafe gindinsu su jeru a tsaye da kansu, kowanne ya zama tushen da sarƙa za ta tsiro. Sai a sa gilashin a bututu tare da ruwan tubalan amino asid ɗin.

A nan ne ake bambance mai himma da mai ganda, kuma abin da ke bambance su ba ya ganuwa: iska. Bakin sarƙar da ke girma yana da zafin nama, duk abin da ya samu kamawa yake yi, oksijin kuwa idan ya riga tubali isa wurin, sarƙar ta mutu ke nan. Dole a kore shi daga ruwan. Wasu kan busa naitirojin ta doguwar allura na tsawon rabin awa. Masu tsanani kan daskarar da ruwan da sanyin naitirojin mai ruwa, su zuƙe iskar da famfo, su bari ya narke kumfa ta fita, su maimaita sau uku. Aikin ba daɗi, kuma idan ka tsallake zagaye ɗaya babu wanda zai kama ka a ranar. Bayan mako guda sakamako zai tona asiri. Idan an rufe bututu, sai a tayar da ginin, ko dai da hasken fitilar UV ko da sinadarin da ke tafiyar da shi sannu-sannu, irin tsarin ATRP da Krzysztof Matyjaszewski da Mitsuo Sawamoto suka fito da shi, kowanne daban, a 1995. Sarƙoƙin za su tsiro kafaɗa da kafaɗa, saboda cunkoso ba wanda zai iya kwanciya, su miƙe tsaye. Masu fannin suna ce wa wannan buroshi.

Tsawonsa ma da ƙa'ida. In ya yi gajarta, furotin zai hango zinariya ta tsakankani ya sauka. In ya yi tsawo da yawa, sarƙoƙin sukan fara kama juna su sassauta riƙon ruwa. Don haka ba gilashi ɗaya ake yi ba. Jeri ake yi, wannan a cire shi da wuri, wancan a bar shi ya jima, a auna kaurin kowanne da na'urar da ke lura da yadda haske ke karkacewa idan ya dawo daga fili, har a gano inda ya fi dacewa. Yawanci 'yan gomomin nanomita ne.

Sai ranar gwaji. Na'urar da ake kira SPR tana haska zinariyar ta bayan gilashi, ta gaba kuma ruwa yana gudana a siraran hanyoyi. Duk abin da ya sauka a kan filin, komai ƙanƙantarsa, yana sauya hasken da ke dawowa, na'ura ta zana layi a allon kwamfuta. Da farko ruwan gishiri ake turawa, a jira layi ya miƙe ya nutsu. Ɗan kumfar iska guda a bututu ko ɗan sauyin zafin ɗaki ya isa ya sa shi tsalle, don haka mai aikin ba ya gaggawar taɓa komai. Sannan a tura furotin na minti goma, a dawo da ruwan gishiri ya wanke. Tazarar da ke tsakanin inda layi ya tashi da inda ya dawo, ita ce furotin ɗin da ya maƙale. A kan zinariya tsirara layin yakan hau ya zauna can sama, ɗaruruwan nanogiram. A kan buroshi mai kyau yakan hau lokacin da furotin ke wucewa, ya sauko kusan daidai inda ya baro. Watannin aiki, ladansu shi ne layin ya nuna kamar ba a yi komai ba.

Da furotin biyu ake farawa, kuma da dalili. Fibirinojin babba ne, cajinsa negetif. Laisozaim, wanda ake samu a farin ƙwai da hawaye, ƙarami ne, cajinsa fozitif. Idan na farko ya manne, an ɓata wasu hannayen kabokzil a wajen haɗi, fili ya karkata zuwa fozitif. Idan na biyu ne, hannayen amin ne suka samu matsala. Layin ba faɗuwa kaɗai yake faɗa ba, har inda kuskuren yake yana nunawa. Amma furotin guda a ruwan gishiri jarrabawar 'yan aji ɗaya ce. Mai son sakamako mai kyau da arha yakan tsaya a nan, ko ya surka ruwan jini kashi ɗaya cikin goma ya gwada, ya rubuta takarda. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: gwajin gaskiya shi ne ruwan jinin mutum tsantsa, ba surki. Ma'aunin da masu fannin ke hari shi ne ƙasa da nanogiram 5, wato ƙasa da abin da zai tara falatilet, kuma filaye kaɗan ne ke kai wa nan.

Fili shimfiɗaɗɗe ke nan. Don ɗaukar magani kuwa dunƙule ake so, ɗan curi mai laushi wanda akasarinsa ruwa ne, sarƙoƙin sun saƙu sun riƙe juna. Shi ake kira nanojel. Kayan da ke shan ruwa su kumbura ba su narke ba, tun 1960 Otto Wichterle da Drahoslav Lím suka gabatar da su a birnin Prague, daga aikinsu ne gilashin ido mai laushi da ake manna wa ƙwayar ido ya samo asali. Sabon abu shi ne ƙanƙantar da su, kuma jiki ne ya yanka iyaka. Abin da bai wuce nanomita 5 ko 6 ba, ƙoda za ta tace shi ya bi fitsari. Abin da ya haura 200, saifa za ta tare shi. Ana harin wajen 100.

Yaya za a yi curi mai wannan girma alhali babu hannu ko cokalin da zai kai? Da ɗigon ruwa. Ana narkar da tubalan amino asid a ɗan ruwa kaɗan, tare da sinadarin da zai ƙulla sarƙa da sarƙa, da maganin da za a ɗura in mai son ruwa ne. A gefe guda kuma a zuba hekzen, wani mai marar kauri, a narkar da sinadarai biyu dangin sabulu, Span 80 da Tween 80. Idan aka haɗa aka kaɗa da ƙarfi, ko aka girgiza da na'urar sauti, ruwan zai farfashe ya zama ɗigo-ɗigo marasa adadi, kowanne sabulu ya zagaye shi ya hana shi haɗewa da maƙwabcinsa. Kowane ɗigo kamar gurbin tandar waina ne: iya ƙullun da gurbi ya ɗauka, iya girman wainar. Gwani yana kallon kwalbar ya san inda aka kwana. In ta yi fari kamar madara, ɗigon sun yi girma. In ta washe, haske na ratsa ta da ɗan shuɗi-shuɗi, an kai. Yawan sabulun da rabon da ke tsakanin iri biyun su ke yanke girman, kuma sai an gwada an sake gwadawa ake dacewa. Daga nan a kori oksijin kamar ɗazu, a tayar da haɗin, a bar shi yana juyawa. Cikin kowane ɗigo sarƙoƙi za su girma su ƙulle, ruwa ya zama curi.

Zaɓen maƙullin ma da hikima. Akwai wanda tsakiyarsa ƙwayoyin farar wuta biyu ne riƙe da juna. A cikin jini wannan riƙo yana nan daram. Amma a cikin ƙwayar halitta akwai sinadarin gulutatayon, wanda yawansa a ciki ya ninka na ruwan jini sau ɗaruruwa, kuma yana tsinka irin wannan riƙo. Curin zai yi tafiyarsa a ƙulle, sai ya shiga ƙwaya ya warware ya zubar da kaya. Sannan tunda hannayen amino asid suna nan a sake, ana iya aron kaɗan daga cikinsu a rataya alamar adireshi. Folik asid, wanda ake ba mata masu juna biyu a awo, yana cikin waɗanda ake ratayawa, saboda wasu ƙwayoyin ciwon daji, irin na ƙwan mace, suna da maƙamansa da yawa a fatarsu. Kaɗan ake ara. Kowane hannu da aka ɗauke yana karkata ma'aunin caji, in aka yi zari rigar ta yage.

Wankin curin ya fi haɗa shi cin lokaci. A zuba sinadarin da zai fasa ɗigon, a wulwula a injin juyi curin ya kwanta, a zubar da na sama, a maimaita har sabulu ya fita. Sannan a ɗura shi a jaka mai ƙananan ƙofofi a tsoma cikin ruwa mai tsabta, ana sauya ruwan na kwanaki, ragowar tubalan da ba su ɗauru ba su fice. Ainihin dabarar wankin ƙoda ce, a cikin kofin gilashi. Wanda ya taƙaita wanki zai ga ƙwayoyin gwaji sun mutu, ya ɗora wa curin laifin da na sabulu ne.

Girman curin da haske ake auna shi. Ana harba leza cikin ɗan kofin gilashi mai ɗauke da samfurin. Ƙwayoyin ruwa suna ta bugun curin, yana rawa, hasken da yake watsawa yana ƙyaftawa. Ƙaramin curi da sauri yake rawa, babba a hankali, daga saurin ƙyaftawar na'ura take lissafa girma. Akwai tarko a nan da duk wanda ya ƙware ya sani. Abin da ya ninka ɗan'uwansa girma sau goma, hasken da yake watsawa yakan ninka kusan sau miliyan. Ƙura guda da ta faɗo daga hannun riga tana iya danne dubban curi ta ba da lambar ƙarya. Shi ya sa ake tace ruwan, a ɗauraye kofin da tataccen ruwa, a rufe shi nan take, a auna sau uku, sannan a tabbatar da hoton madubin lantarki. Bayan wannan a zuba curin cikin ruwan jini tsantsa a zafin jiki, digiri 37, a riƙa aunawa awa bayan awa, kwana bayan kwana. In furotin yana mannewa, lambar za ta riƙa hawa har curin ya dunƙule. In rigar ta riƙe, lambar jiya ita ce ta yau.

Sai ƙwayoyin share-share a faranti, a ga ko za su haɗiye shi. Sai jajayen ƙwayoyin jini, a ga ko za su fashe. Sai ɓeraye, a yi allura ta jijiyar wutsiya, a riƙa ɗibar ɗigon jini lokaci-lokaci ana duba abin da ya rage. Wanda ya san tarihin PEG ba ya tsayawa a allura ɗaya, yakan jira mako ya yi ta biyu, don a nan ne jiki ke nuna ko ya gane baƙon. A 2013 rukunin Jiang ya dasa wa ɓeraye wani jel mai caji biyu, dangin waɗannan, a ƙarƙashin fata, aka yi wata uku jiki bai naɗe shi da tabo ba.

Kada dai a ɗauka an gama. A 2016 Warren Chan na Jami'ar Toronto da abokan aikinsa suka tattara binciken shekara goma a kan dabbobi, suka tarar cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai na irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi ke isa ga ƙarin ciwon daji. Tsere wa hanta mataki ɗaya ne, shiga cikin ƙarin wani ne daban. Kuma sarƙar da ake rataya serin ko laisin a jikinta, ƙashin bayanta jiki ba ya iya narkar da shi, don haka dole a yi ta gajera yadda ƙoda za ta fitar da ita bayan curin ya warware. Wannan ya sa wasu suka zaɓi su yi sarƙar gaba ɗayanta da amino asid, yadda jiki ke yin tasa. Matthias Barz ya yi aiki a birnin Mainz na Jamus a kan sarƙar sakosin a matsayin madadin PEG, Arne Skerra a Munich kuma ya haɗa furolin da alanin da serin. Akwai wata sarƙar mai suna XTEN, da amino asid iri shida aka jera ta, wadda ita ta riga ta isa asibiti. Tana cikin abubuwan da aka ɗaura wa maganin Altuviiio don ya daɗe a jini, maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023 domin masu ciwon himofiliya, waɗanda jininsu ba ya daskarewa idan sun ji rauni. A da ana yi musu allurar kariya sau biyu ko uku a mako. Da wannan, sau ɗaya ake yi.